Mushe a Kano

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, akwai samari daga Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni da ke ɗaukar jakarsu su tsallaka iyaka, su je koyar da Faransanci a makarantun kuɗi na Najeriya. Wasu su yi wata uku, wasu shekara, wasu kuwa sun tafi ke nan. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi wannan tafiya. Daga Satumban 2022 zuwa Yulin 2023 na koyar a wata makaranta a Kano, kafin in shigo sashen kimiyyar harshe nan Yamai. Tun da ƴan ajinmu suka ji labari, tambayarsu ɗaya ce: “Kai da ba ka taɓa riƙe lakire ba, ya aka yi ka iya tsayawa gaban ƴan Kano?” Ga amsa, kuma ina fata ta amfani ƙannenmu da ke tunanin tashi bana.

Sai in fara da dalilin da ya sa ake nemanmu. Ƙasashe huɗun da suka yi iyakar ƙasa da Najeriya, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duka ana aiki da Faransanci a cikinsu. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma darasin yana cikin tsarin karatun ƙaramar sakandare. Amma abin da ke takarda daban, malamin da zai shiga aji daban. Mai makarantar kuɗi da ke son iyaye su ga makarantarsa ta cika, ɗan Nijar yake nema. Kawuna yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ta bakin wani abokin cinikinsa aka same ni. Ranar da aka kai ni, ba wanda ya tambaye ni ko na taɓa koyarwa. Aka dubi takardar bak ɗina, wadda ba mai iya karanta ta a ofishin, aka ce: “Ɗan Nijar ne? Ai ya iya.” Na ɗan ji daɗi a lokacin. Da dare ne na gane nauyin da aka ɗora mani, don an yarda da ni kafin ni in yarda da kaina.

Daga Maraɗi ka bi Ɗan Isa, ka shiga Jibiya, ka wuce Katsina, kafin la'asar kana Kano. Tuwo ɗaya, kiran salla ɗaya, gaisuwa ɗaya. Mu ƴan Maraɗi ma har yau Sarkin Katsina muke ce wa sarkinmu. Shi ya sa wasu abokai ke mani dariya in na ce na yi aiki a ƙasar waje. Amma wallahi baƙunci cikin harshenka yana da nasa ciwo. Wanda ya je Aljeriya ya san ba za a ji maganarsa ba, ya shirya wa haka tun daga gida. A Kano kowa na jin abin da ka ce, kuma kafin ka kai ƙarshen jimla an san daga inda ka fito. Ka ce “munka zo”, ka ce “mi ya hwaru?”, ka ce “zan hita”, sai ka ga murmushi a gefen bakin mai sauraro. Galibi ba da mugunta ba ne. Sai dai a idon yara da yawa na birni, ɗan Nijar shi ne mai gadin ƙofa, ko mai shayin bakin titi, ko mai tura kurar ruwa. Sana'o'i ne na mutunci, da su aka rufa asirin gidaje da dama a ƙasarmu. Yaran dai ba su saba ganin ɗan Nijar a gaban allo ba.

An ba ni aji shida: aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, kowane an raba shi A da B, kowane darasi biyu a mako, minti arba'in-arba'in. Dokar makaranta ita ce Turanci zalla. Hausa sunanta “banakula”, wanda aka kama yana yin ta tara zai biya, kamar dai sambol da wasunmu suka riska a firamare. Ni kuwa Turancina na littafi ne, wanda muka fara a ajin farko na kwaleji. Ke nan ina koyar da harshen da yara ba su sani ba, ta hanyar harshen da suka fi ni saurin baki a cikinsa, alhali harshen da muka haɗu a kai an kulle shi a waje. Kowane dare nakan zauna a shagon ɗakin Kawu in rubuta a kaye duk jimlar da zan faɗa gobe, har da “ku zauna” da “ku buɗe littafi”. In na shiga aji sai in karanto su a guje. Darasin minti arba'in ya ƙare a minti ashirin da biyar, sauran sha biyar ɗin kuwa kamar shekara. Tafin hannuna gumi, alli na karyewa, muryata ba ta wuce bencin tsakiya.

A makon farko wani yaro ya tambaye ni yadda ake kiran malami a ƙasarmu. Na ce “Mushe”. Ajin ya fashe da dariya, har wata yarinya ta kifa kai a kan tebur. Su mushe ɗaya suka sani: dabbar da ta mutu ba yanka. Mu ma mun san wannan, amma kunnenmu ya saba raba su, don tsawon wasali da karin sauti ba ɗaya ba ne, kuma namu daga monsieur ya fito. Kafin a tashi tara sunan ya zagaye makaranta. In na wuce sai in ji an ja shi da gangan, “Muuushe”, a ruga. Ranar nan ban iya cin abincin dare ba. Kawu ya dube ni ya ce: “Yaro, in gida kake so, gobe akwai mota. Amma ka bari a yi maka albashin wata ɗaya tukuna, kada a ce ɗan ƙanwata ya gudu daga ƴan yara.” Albashin nan muna da buƙatarsa, da shi za a haɗa mani kuɗin zuwa Yamai. Na zauna.

Abu na farko da ya fara kwance mani ƙirji ba wata hikima ba ce, maimaici ne kawai. Darasin da na yi wa ajin A da safe shi zan yi wa ajin B bayan tara. A karo na biyu na riga na san inda za su tsaya, da tambayar da za ta taso, da misalin da bai ci ba. Ajin B kullum sun fi samun malami mai kyau, ajin A ne ke biyan kuɗin koyona. Sai kuma sunaye. Na ɗauki rajista na haddace su benci-benci. Yaron da ke jan “Muuushe” daga baya, ranar da na kira shi da sunansa da na mahaifinsa ba tare da na ɗaga kai daga allo ba, ya yi tsit. Akwai wani dattijo mai koyar da lissafi, ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya dawo nan yana rage zafi. Shi ya lura da ni. Wata rana a ɗakin malamai ya ce: “Ɗana, kana shiga aji kamar mai bin bashi yana bayanka. In ka shiga, kada ka fara magana. Rubuta kwanan wata, rubuta aiki ɗaya a allo, ka koma bayan aji ka tsaya. Bari su fara aiki kafin kai ka fara.” Na ce: “To, Baba.” Na gwada. Minti ukun nan na shiru su ne suka ba ni damar yin numfashi, kuma daga bayan aji na fara ganin cewa rabin masu surutu ba raini ne ya sa su ba, ba su da biro ne ko ba su ganin allo.

Abu na biyu kunne ne. Da tsoro ya ragu sai na fara jin abin da yaran ke faɗa, maimakon in riƙa jin bugun zuciyata. Na tarar kurakuransu ba barkatai suke ba, suna da tsari, kuma tsarin na san shi, don bakina da nasu ɗaya ne. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa pain da faim suke fita iri ɗaya, burodi da yunwa su zama abu guda. Ba mu da v, sai vous ya koma bout. Wasalin u na Faransanci babu shi a Hausa kuma babu shi a Turanci, sai tu ya zama tout, rue ta zama roue. Littafin da makaranta ta ba ni bai ce komai a kan wannan ba. Ni kuwa na tuna yadda mushenmu na firamare ya yi fama da mu. Na ce masu: p, leɓe biyu su haɗu su rabu, f da v, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, u kuwa, ku ce “i”, ku riƙe harshe a nan, ku tattara leɓe kamar za ku yi fito. Aji ya cika da fito da dariya, amma wannan karon tare muke yi. A ranar na fara jin cewa ina da wani abin da Bafaranshe da kansa ba zai iya ba su ba, don shi bai san daga inda bakinsu ya taso ba.

Babban sauyi ya zo a zango na biyu, a kan son da sa. Yaran suna ta rubuta sa frère in mai ƙanen mace ce, son sœur in namiji ne. Turanci ne ya ja su, don a can jinsin mai abu ake dubawa. Na yi bayani da Turanci sau uku, ido kawai suke zuba mani. Da dare ina kwance sai kalmomi biyu suka faɗo mani: ƙanenta, ƙanwarsa. Ashe abin yana bakinmu tun muna goye. Wannan n da r da ke tsakiya ba ruwansu da mai abu, jinsin abin suke bi: littafinta, motarsa. Son livre, sa voiture. Son aikin n yake yi, sa kuwa aikin r. Matsalar ita ce ba ni da izinin faɗin haka a aji.

Na sami Hajiya mai makaranta a ofis. Na gaishe ta na ce: “Hajiya, ranki ya daɗe, alfarma nake nema. Minti biyar na Hausa a kowane darasi.” Ta cire tabarau ta ce: “Malam, iyayen nan Turanci suke biya wa kuɗi. In yaro ya koma gida ya ce da Hausa ake koya masa, ni za a kira.” Gaskiyarta ne, kuma ban musa ba. Na ce ta ba ni aji ɗaya kawai na mako biyu, a yi gwaji iri ɗaya da ɗayan ajin, ta duba takardun da kanta. Ta yi shiru, ta ce: “Mako biyu.” Wata uku kafin nan ko gaisuwa in zan yi mata sai na shirya ta a zuci. Da takardun suka zo ta jera su a tebur ta duba, ba ta ce na yi daidai ba, ta dai ce: “Kada ya wuce minti biyar ɗin.”

Minti biyar ɗin nan sun yi aiki. Yaran da Turanci ya sa suke ganin le da la kamar wata azaba ce da Faransawa suka ƙirƙiro, suka tuna cewa su ma suna cewa farin doki, farar riga, ƙarami, ƙarama. Na nuna masu cewa harsunan biyu ba koyaushe suke shiri ba: mu muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya, su kuwa le soleil namiji ne, la lune mace. Wani yaro ya ce lallai Faransawa ba su san zafin rana ba. Vous na girmamawa bai ba su wuya ba, tun da sun san ana ce wa babba “ina kwananku”. Da muka zo quatre-vingts suka ce wannan lissafi ne ba ƙirga ba. Na ba su labarin yadda muke ƙirga kuɗi a gida da dala, kowace dala tamma biyar, dala ashirin sefa ɗari, jikka sefa dubu, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba tana yin wannan a ka ba kuskure. Suka yarda ashirin sau huɗu ba abin tsoro ba ne.

Daga nan Hausata ta Maraɗi ta zama littafi na biyu. Muka manna babbar takarda a bango muka ja layi a tsakiya. A hagu abin da ake cewa a Kano, a dama abin da ake cewa a Maraɗi: kwalta da gudiro, direba da shofer, fetur da isansi, biro da bik, alli da lakire, nepa da kuran. Duk kalmar dama sai mu nemo asalinta: goudron, chauffeur, essence, la craie, courant. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne da suka gane yawancin na hagu ma aro ne, daga Turanci, Hausa ta lanƙwasa su yadda bakinta ke so. Masu dangi a Nijar, waɗanda da ba su son a sani, suka fara kawo kalmomi daga kakanninsu. Sunan Mushe bai bar ni ba har na taho, amma an daina jan sa. Sukan faɗe shi gajere, yadda muke faɗa, har su gyara wa ƴan ajin ƙasa.

A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi a Najeriya, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗi na cikin asusu amma ba a hannu, masu adaidaita sahu kuwa tsaba suke so. Makonni na yi ina zuwa makaranta a ƙasa, kusan minti arba'in, in iso da ƙura har gwiwa. A hanyar nan nake tsara darasi a ka. Wata safiya aka kaɗa ƙararrawar fita, na zo tattara kayana, sai na ga kayen nan nawa a ƙarƙashin rajista, ban buɗe shi ba tun shigowata. Ban san ranar da na daina buƙatarsa ba. In kuna neman lokacin da gabana ya daina faɗuwa, ba ni da wata rana guda da zan nuna maku. Yau da gobe ce, wadda aka ce ta sa allura ginin rijiya.

Kada in sa ku zaci komai ya tafi daidai. Akwai aji ɗaya na ƴan shekarar ƙarshe da har na taho ba mu saba ba. Hankalinsu na kan lissafi da Turanci, Faransanci a wurinsu lokacin hutawa ne. Darasi biyu a mako, ba mai yin harshen a gida ko a titi, ba zai mai da yaro Bafaranshe ba. Da yawa sun gama shekara gaisuwa da ƙirga da ƴan jimloli kawai suka riƙe. Bambancin shi ne a watan Oktoba irin wannan sai ya hana ni barci, in ce ni ne ban cancanta ba. A watan Mayu kuwa ina iya raba abin da ke hannuna da abin da ba ya hannuna. Haka kuma tambayar da ban san amsarta ba ta daina zama barazana. Wata yarinya ta tambaye ni ko duk masu Faransanci ne ke wahalar da kansu da quatre-vingt-dix. Na ce mata zan bincika. Na dawo da labarin cewa a Beljiyam da Suwizalan nonante suke cewa. Ta ce ita daga yau ƴar Beljiyam ce.

Na dawo gida a tsakiyar Yuli da niyyar in leƙa su kafin in wuce Yamai. Ran 26 ga wata aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ban sake ganinsu ba. Yanzu a amfi ina jin malamanmu na ba abubuwan nan sunaye: tasirin harshen uwa, aron kalmomi, tagwayen kalmomin da sauti ɗaya ya raba. Wasu ƴan ajinmu haddace su suke yi, ni kuwa kowane suna da fuskar yaron da ke bayansa. Kuma tun da kundin da aka amince da shi a Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, tambayar da na kai ofishin Hajiya ta zama tamu duka: wane wuri za a ba harshen yaro a cikin aji, kuma wa zai shirya malaman da za su iya amfani da shi? Mu da ke wannan sashe, aikin nan yana jiranmu.

Ga mai niyyar tafiya, ƴan kalmomi. Ka daidaita maganar albashi kafin ka shiga aji, ka tambaya ko ana biya lokacin hutu, don ba kowace makaranta ke yi ba. Ka bincika halin takardun tsallakawa, tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Ka nemi dattijo ɗaya a ɗakin malamai ka riƙa gaishe shi, ya ga irinka da yawa. Ka yi maganarka yadda aka yi ta a gidanku, kunnen yara na saurin sabawa. Sannan kada ka yanke wa kanka hukunci a watan farko, ko da an yi maka dariya, ko da darasinka ya ƙare saura minti sha biyar. Ka bari zango ɗaya ya cika tukuna, sannan ka zauna ka duba ko aikin naka ne.